Buzuzun Tagulla da Sawun Kiyashi

Da safe aka wayi gari babu buzuzun tagulla a cikin akwatinsa na gilashi. Kafin ruwan mai shayin bakin titi ya sake tafasa, unguwa ta gama bincike, ta yanke hukunci, har ta fara tausaya wa dangin ɓarawon. Mai hoton nan ne, in ji kowa.

Shi dai buzuzun bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Wani maƙeri ne na can da ya zuba shi, da ƙafafunsa shida da zanen bayansa, kuma shi ne abin alfaharin ɗan gidan adana kayan tarihin da ke ƙarshen layin. Sauran kayan gidan fasassun tukwane ne da tsofaffin kibau. Don buzuzun ake kawo 'yan makaranta, don shi kuma aka ɗauko mai hoto, saboda gobe manyan baƙi za su zo su ga hotonsa an faɗaɗa shi ya kai girman ƙofa.

Mai hoton kuwa, gwanin ɗaukar hoton ƙwari, ƙanen matar wani tsohon mai bin sawun ɓarayi ne da ake kira Mai Sawu, autan gidansu, shi ya sa kowa ke ce masa Auta duk da furfurar da ta fara leƙo masa.

Mai Sawu yana kwance yana lallashin bayansa matarsa ta tsaya a kansa.

"Tashi. Sun tsare Auta."

"Su wa? Ƙudaje ne suka kai ƙararsa?"

"Ka ga alamar wasa a fuskata? Wai ya saci ƙwaron ƙarfe. Shugabar gidan ta ce in ba a gan shi ba kafin a tashi aiki, 'yan sanda za ta kira. Kai ba ka ce da ido kake gane ɓarawo ko kwana ya yi da wucewa ba? Tun kafin a haifi yaran nan kake cika mini kunne. To ga rana ta zo."

Gaskiya ne, a da ya yi suna. In aka kore shanu ko aka yi awon gaba da akuya, shi ake kira, ya duƙa ya karanta ƙasa kamar takarda. Sai kwalta da siminti suka zo suka rufe masa littafin. Yanzu kwaɗuna da batira yake sayarwa a kasuwa, wato ya koma cin abinci da tsoron ɓarayin da a da yake kamawa. Ido ya koma sai da tabarau, tumbi kuma ya yi gaba ya bar shi a baya.

"In ka dawo babu ƙanena," in ji ta, "ka nemi tabarmar da za ka shimfiɗa a waje."

Ya nemi takalminsa.

*

A bakin titi mai shayi ya tare shi da labari kafin gaisuwa.

"Ni dama tun ranar farko na ce akwai magana. Ƙato da gemu, ya kwanta rub da ciki a bakin kwata yana ɗaukar hoton ƙuda! Na ce masa ga ni mutum, ɗauke ni, ya ce wai fuskata ta yi girma."

"Jiya ma ƙwayar kuɓewa ya saya guda ɗaya," in ji tela daga cikin shagonsa. "Guda ɗaya! Mai irin wannan sayayya ai ba miya zai yi ba."

A ƙofar gidan tarihin wani dattijo ne tsaye yana korar 'yan makaranta. Shi ne mai yi wa baƙi bayani tun da aka buɗe gidan, kuma saboda bakinsa ba ya hutawa ake ce masa Baba Rediyo.

"Ku koma! An rufe yau! Ku koma na ce!"

Muryar ta dushe, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yaran baya ko jin sa ba sa yi. Mai Sawu ya gaishe shi, dattijon ya amsa yana kallon wani wajen.

Shugabar gidan mace ce doguwa mai magana a taƙaice. Ta kai shi ɗakin da akwatin yake. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi ƙasa, zuciyarsa ta karye. Tayil ne fari tas, yana ƙyalli, yana ƙamshin maganin wanke ƙasa.

"Wa ya goge nan?"

"Ni ce," in ji wata tsohuwa riƙe da bokiti, wadda duk gidan ke kira Inna. "Sau biyu ma. Da na ji za a kira hukuma na ce kada su zo su tarar da ƙazanta."

"Allah ya saka da alheri, Inna. Ko ɓarawon bai yi wa kansa wannan hidimar ba."

Ya duba kwaɗon akwatin. Nan kam sana'arsa ta yanzu ta yi rana: ba a fasa ba, ba a soka masa waya ba, da makulli aka buɗe.

"Makullan uku ne," in ji Shugaba. "Ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Baba, na ukun na ba wa surukinka don aikinsa. Maigadi ya laluba aljihu da jakar kowa, har tawa. Babu. Ni ba na son in zalunci kowa, amma Baba ya fi wasu tukwanen nan daɗewa a gidan. Baƙo ɗaya ne ya shigo mana."

*

An zaunar da Auta a ɗan ɗakin da aka ba shi don aiki. Kyamararsa na tsaye a kan ƙafafunta uku, da dogon gilashi a baki kamar hancin giwa, ga ƙananan fitilu biyu, ga kwalabe cike da ƙwayoyin iri da matattun fara.

"Yaya, ka zo?" in ji Auta.

"An aiko ni dai. Da a son raina ne, da na bari sun ɗan ajiye ka mu huta da hoton sauro. Faɗa mini jiya."

"Na ɗauki bayansa da gefensa. Na mayar da shi akwati, na kulle, Shugaba tana gani. Na ce yau zan kifa shi in ɗauki cikinsa da ƙasan ƙafafun."

"A gaban wa ka faɗi haka?"

"Kowa yana nan. Har Baba ya tambaye ni ko gilashin nan yana ganin komai da komai. Na ce masa ko gashin ƙafar ƙuda ƙirgawa nake yi."

"Makullin fa?"

"Yana jakata. Jakar kuma a ɗakin maigadi nake barin ta in na fita cin abinci."

"Ba abin da ka rage?"

"Babu."

Ya faɗi babun yana sosa bayan kunne. Haka yayarsa take yi in ta ce ba ta taɓa aljihun rigar mijinta ba. Mai Sawu ya adana wannan a ransa ya fita.

Maigadi ƙato ne mai son shayi, ɗakinsa na jikin ƙofar shiga. Da aka ambaci jaka sai ya miƙe tsaye.

"Wato ni za a shafa wa? Ni sai yau ma na san akwai makulli a ciki! Abin da ya fi ƙarfin idona ina ruwana da shi? In sata zan yi ai fanka zan ɗauka."

"Ban ce kai ba ne."

"Idonka ya ce."

"Idona bai ce komai ba, maigida. Yanzu ko lambar mota sai ta tsaya yake karantawa."

Rana ta take tsaka, kuma abin da Mai Sawu ya tara bai wuce ciwon baya da ƙamshin maganin Inna ba. Ya koma wurin Auta ya zauna a kan akwatin kyamara.

"Nuna mini abin da ake ta hayaniya a kansa."

Auta ya buɗe kwamfuta. Buzuzun ya cika allon, kowane zane a bayansa kamar kunyar gona. Mai Sawu ya gyara tabarau. Bai so ya yaba ba, amma bakinsa ya buɗe da kansa.

"Wannan hoto ɗaya ne?"

"A'a. In ka matso da abu haka, wuri kaɗan ne ke fitowa sarai, sauran duk dishi-dishi. Sai ka yi ta ɗauka, wannan kai ya fito, wannan baya, wannan ƙafa. Daga baya kwamfuta ta tsince masu kyau ta haɗe su."

"Wato shi ma an goge shi kamar tayil ɗin Inna. Ina waɗanda ba a goge ba?"

Auta ya sake sosa bayan kunne, amma ya buɗe. Suka yi ta wucewa, hoto bayan hoto, duk kusan iri ɗaya. Can Mai Sawu ya ɗaga hannu.

"Koma baya. Mene ne wannan a ƙarƙashin cikinsa?"

Wani ɗan jan abu ne, rabinsa a dishe, da ƙaho biyu sirara.

"Kiyashi ne, Yaya. Suna shigowa hoto wani lokaci."

"A na gaba sun zama biyu. Auta, na yi kiwo, na yi noma, na yi zaman banza, ban taɓa ganin kiyashi yana lasar tagulla ba. Me ka shafa masa?"

Auta ya leƙa ƙofa, sannan ya jawo wata 'yar kwalba daga bayan fitila. Saƙar zuma ce a ciki.

"Da ita nake tsayar da ƙwari. In na ɗiga musu sai su tsaya sha, in ɗauke su. Jiya buzuzun ya ƙi tsayuwa a karkace, danƙon da nake tallafe kaya da shi kuma ya ƙare. Sai na ɗan mintsini kakin na manna masa a ciki. Kafin in goge na ji takun Shugaba. Ta hana ko ruwa ya taɓa kayan nan, Yaya. In ta ji, ta kore ni."

"Kai da ake shirin kai wa ɗakin da babu taga, kora kake tsoro?" Mai Sawu ya miƙe, bayansa ya yi ƙara. "Ɗauko kyamarar nan. Ɓarawon bai bar sawu ba, amma ya tafi da abin da ake bin sa."

*

Inna ta goge tsakiyar ɗakuna, amma tsumma ba ya shiga lungun da bango ya haɗu da ƙasa. Nan suka samu layin kiyashin. Sai dai idon Mai Sawu ba ya raba kiyashi da ƙura, don haka Auta ya kwantar da kyamara a ƙasa, shi kuma ya kwanta a gefensa yana kallon ɗan allon bayanta. Haka mutumin da ya shekara yana yi wa surukinsa dariyar kwanciya rub da ciki ya ja tumbinsa a kan tayil, mai shayi da tela suna leƙe ta taga.

"Ashe abin na dangi ne," in ji tela.

Layin ya bi gindin bango, ya zaga ƙofa, ya miƙe ɗoɗar zuwa ɗakin maigadi, ya haye wani gwangwani a ƙarƙashin benci.

Mai Sawu bai jira ba. Tsohon jini ya motsa.

"A kira Shugaba! Maigida, buɗe gwangwanin nan."

Maigadi ya buɗe, ya juye shi a kan tire a gaban kowa, yana huci. Sukari ne. Aka baza shi da cokali, aka sake bazawa. Sukari dai, da kiyashi a ciki suna harkar gabansu.

"Sai a kama ni da laifin shan shayi," in ji maigadi. "Inna, ki zama shaida."

Shugaba ta dubi agogon hannunta, ta dubi Mai Sawu, ta juya ofis. Wannan kallon ya fi zagi ciwo. Ya so ya tashi ya bi ta da bayani, bayansa ya ce bai san zancen ba. Dole ya zauna a ƙasa, a bakin ƙofar maigadi, yana tunanin wace tabarma ce ta fi kauri a gidansa.

Daga nan zaunen ya sake kallon allon kyamarar, wadda Auta ya bari a kunne.

"Auta, matso da hancin giwar nan. Waɗannan masu dawowa, me ke bakinsu?"

"Ƙwayar sukari."

"Wannan fa? Bakinsa wayam, amma dubi cikinsa."

Auta ya murɗa gilashin. Cikin kiyashin ya kumbura, ya yi ja-ja-ja, hasken fitila yana ratsa shi kamar ɗigon man gyaɗa.

"Haka suke yi in sun sha zuma! Kullum ina gani."

"Kana gani, ba ka tambaye su daga ina suke ba. Saniyar da ta dawo daga rafi ba ta taka ƙasa kamar wadda za ta je. Masu sukari a baki suke ɗauko kayansu. Waɗannan a ciki suka ɗauko. Kwalbarka a rufe take?"

"Gam."

"To, layi biyu ne suka haɗu, ni kuma na bi mai yawa kamar sabon shiga. Bi mini masu tumbin nan, mu ga ta inda suke sauka."

Ba ta ƙasa suke zuwa ba. Ta jikin katakon ƙofa suke gangarowa, ɗaya bayan ɗaya. Auta ya ɗaga kyamara ya bi su sama, suka bi wayar lantarki, suka ratsa baranda, suka shiga ɗakin da ma'aikata ke ajiye kayansu. Can wayar ta wuce kusa da wata ƙusa, a jikin ƙusar kuma an rataye wani abu.

Mai Sawu ya daɗe yana kallon abin. Sai ya tuna jijiyoyin wuya da dusasshiyar murya a bakin ƙofa.

"Ɗaga ni," ya ce. "A hankali, don Allah. Sannan ka kira kowa."

*

Suka taru a ɗakin ma'aikata: Shugaba da wayarta a hannu, maigadi yana kumbure-kumbure, Inna da bokitinta, Auta, sai Baba Rediyo a kusa da ƙofa.

"Da farko, maigida, ka yafe ni," in ji Mai Sawu. "Sukarinka halal ne, kuma zan cika maka gwangwanin. Na biyu, ranki ya daɗe, surukina ya yi laifi. Ya manna wa buzuzunku kakin zuma."

Shugaba ta juya ta kalli Auta. Auta ya kalli silin.

"Wannan ku ƙarata daga baya. Yanzu dai mutane sun cika titi, ya kamata a ce musu su watse. Baba, ga lasifikarka can a ƙusa. Taimaka mana."

"Ta lalace," in ji Baba Rediyo.

"Tun yaushe?"

"Jiya ma na ji ka da ita," in ji Inna. "Har na ce wannan abu zai kashe mana kunne."

"Batir ne ya mutu."

"Ka zo gidan sauƙi, sana'ata ce," in ji Mai Sawu. "Buɗe in ga irin wanda take ci."

Dattijon ya tako a hankali ya sauke lasifikar. Bai kai ga buɗewa ba kiyashi suka fara hawa yatsunsa. Ya tsaya yana kallon su. Sannan ya zare murfin gidan batir. Batir ɗaya babu, a gurbinsa akwai ƙullin ƙyallen hankici, kiyashi sun yi masa baƙi.

Shugaba ta warware ƙullin a tafin hannunta. Buzuzun ne.

"Baba," ta ce.

"Ba sayarwa zan yi ba, 'yata. Wallahi ba sayarwa ba." Ya zauna a kan benci. "Da daɗewa, ina nuna wa yara shi, ya suɓuce mini. Ƙafar baya ta ɓalle. Na manne ta da gam ta ƙasa, ba wanda ya sani. Jiya yaron nan ya ce zai kifa shi, kuma gilashinsa yana ƙirga gashin ƙuda. Na ce za a rataye abin kunyata ya kai girman ƙofa, baƙi su zo su gani. Na yi nufin in ɓoye shi har ya gama ya tafi, sai in ce na tsince shi a bayan akwati. Ban zaci za a kai ga hukuma ba. Tun safe nake bakin ƙofa ina ihu don kada in shigo in ga fuskarsa."

"Da an tafi da ni fa, Baba?" in ji Auta.

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Ina ta cewa yanzu zan faɗa, yanzu zan faɗa."

Shugaba ta ajiye wayarta a kan tebur.

"Ƙafar baya ta hagu ko? Tun a hoton farko na gan ta, Baba. Ta gefe ma gam ɗin ya fito kamar an liƙa ƙwarya. Na ce a raina wani ya taɓa ƙaunar abin nan har ya yi masa ɗori, zan sa a rubuta a ƙasan hoton cewa an taɓa gyara shi. Ban ko tambayi wane ne ba."

Ta miƙa wa dattijon hannu.

"Kawo makullin," ta ce. "Bayani za ka ci gaba da yi, amma akwati ba kai ba shi. Kuma kai da bakinka za ka fita ka gaya wa mutanen titi cewa mai hoto ba ɓarawo ba ne. Mayar da batir ɗin, da lasifika za ka faɗa." Ta juya ga Auta. "Kai kuma ka goge zumar nan a gabana, ka gama aikinka yau. In na sake ganin kwalbar nan a gidan nan, kai da ita za ku fita ta taga."

"Ranki ya daɗe, ba don zumar ba ai da..."

"Auta," in ji Mai Sawu, "rufe bakinka mu tafi da shi gida lafiya."

*

Da yamma suka shiga gida tare, Auta yana riƙe da kyamara a hannu ɗaya, mijin yayarsa a ɗayan. Matar ta rungume ƙanenta, ta duba shi sama da ƙasa, ta tambaye shi ko ya ci abinci. Sai da ta gama ta lura da mijinta a tanƙware kamar lauje, gaban rigarsa ya share rabin gidan tarihi.

"Kai kuma me ya same ka?"

"Aiki na yi."

"Ai na san za ka iya," in ji ta, tana sosa bayan kunne.

Bayan kwana biyu Auta ya kawo masa tukuici har shago: hoton kiyashi guda, an faɗaɗa shi ya kai girman tire, cikinsa ya kumbura da zuma, haske yana ratsa shi. Mai Sawu ya rataye shi a saman kwaɗuna. Duk wanda ya zo sayayya sai ya tsaya ya tambaya wannan kuma wane ne.

"Abokin aikina ne," yakan ce, yana shafa gaban rigarsa. "Ba ka ga kama ba?"